Ɗanasabe da Rigar Mafaraucin Ƙanƙara

Ɗanasabe bai taɓa iya tsayawa yana kallo ana taɓa nasa ba. Masu sonsa suna cewa jarumta ce, matarsa tana cewa zuciya ce kawai a kusa, kuma ita ta fi su gaskiya.

An haife shi a wani ƙauye arewa da Tasawa, a ƙasar Nijar. Ubansa ne sarkin dawa na yankin, wato shugaban mafarauta. Farautarsu ba ta sanɗa ba ce. Da an kawar da amfanin gona sai a buga ganga, ƙauyuka su fito da karnuka da gora da adda, a shiga daji ana ihu ana kirari kamar za a ci gari da yaƙi. Zomo guda kan sa a fasa wa mutum uku kai, wannan ya ce shi ya fara jifa, wancan ya ce karensa ne ya kama. Ɗanasabe yana saurayi aka sare masa rabin kunnen hagu a rigimar wata gada da aka kashe. Jini na bin wuyansa ya saɓo gadar ya kawo gida, kuma har ya girma, in yana ba da labarin, gadar yake fara ambata kafin kunnen.

A wannan dajin doka ɗaya ce ba a wasa da ita. Kana iya zagin mafarauci, ka ƙwace masa nama, ka fasa masa goshi, gobe ku sha fura a ƙwarya ɗaya. Amma rigarsa ta farauta, wadda aka ɗinke da layu, ba a taɓa ta. Wanda ya tofa mata yawu ko ya watsa mata ƙazanta ya karya mai ita, kuma mai rigar ba shi ne zai rama ba. Duk mafaraucin da ke wurin shi ke da alhakin ramawa, in ya tsaya kallo tasa rigar ma ta mutu. Ɗanasabe ya ga haka da idonsa. Wani mutumin ƙetaren fadama ya watsa wa ubansa taɓo a ƙirji. Tsohon ko yatsa bai ɗaga ba. Sauran mafarauta suka kwantar da mutumin a kan kututture suka karya masa hannu biyu, ɗaya bayan ɗaya, sannan suka ba shi ruwa ya sha.

Farin 1984 ya kashe dajin. Gada ta ƙare, zomo ya ƙare, karnuka suka bi su. Ubansa ya rasu a cikin wannan yunwar, aka rataye rigarsa a ɗaki babu mai sa ta. Ɗanasabe ya gangara Lome ya yi dako a kasuwa, ya tara abin da ya tara, a 1987 ya sauka New York da jaka ɗaya da Turancin da bai wuce gaisuwa ba.

Ya fara da tallar agogo da lema a bakin titi. Ya samu ɗaki a unguwar Park Hill, a lokacin da 'yan ƙwaya suka mamaye benayen, har hawa matakala sai da addu'a. Wata safiya samari biyu suka tare shi a hawa na uku, ɗaya da bindiga, suka ce ya ajiye jakar agogon. Mai hankali zai ajiye. Ɗanasabe ya kama hannun mai bindigar ya naɗe shi a jikin ƙarfen matakala har ƙashi ya yi ƙara, bindigar ta tashi ta huda masa cinya. Da ƙafarsa ya sauko ya jira motar asibiti, jakar na rataye a wuyansa. Daga ranar 'yan unguwar suka riƙa matsa masa hanya, shi kuma ya ƙara tabbatar wa kansa cewa New York daji ne irin wanda ya sani, fitilu kawai aka ƙara masa.

Da ya warke ya koma tuƙin motar haya, a shekarun da ake harbe direbobi saboda cinikin wuni guda. Ya ajiye ƙarfen kwance taya a ƙarƙashin kujerarsa. Da matarsa Shafa'atu ta iso daga gida ta ga ƙarfen, ba ta yi dogon zance ba.

“Malam, wanga ƙarhe ba shi raba ka da ɓarawo,” ta ce. “Raba ka da mu za shi yi.”

Ya yi dariya, ya ce mata ba su san dawa ba.

A watan Disamba na 1992 aka yi wani babban taro a birnin, na al'ummomin da ke rayuwa irin ta kakanninsu, baƙi suka zo daga ko'ina. Hajiya Safiatou, 'yar Maraɗi mai aikin sakatariya a wani ofishin ƙasa da ƙasa a Manhattan, ita ce ke sama wa 'yan gida irin waɗannan ƙananan ayyuka. Ta kira Ɗanasabe ta ce akwai wani dattijo da zai riƙa kaiwa da komowa har ya tafi.

Sunan dattijon Joanasi. Mutumin ƙabilar Inuit ne, daga can ƙarshen arewacin Kanada, inda teku ke daskarewa har a yi tafiya a kansa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, sanyi ya ƙone masa kumatu, ya kuma cinye masa yatsu biyu. Ranar farko bai ce uffan ba. Ɗanasabe na ta zagin direbobi ta taga da harshe uku, shi kuwa yana zaune a baya ko motsi ba ya yi. Sai washegari, suna tsaye a cunkoso, ya nuna kunnen Ɗanasabe, ya tambaya da Turancinsa mai nauyi ko kare ne.

Ɗanasabe ya ce adda ce, a wurin farauta.

Tsohon ya ɗaga hannunsa mai yatsu uku ya ce shi ma a wurin farauta ne. Shi ke nan, aka buɗe hira. Turancin kowannensu gurgu ne, amma da hannu da baki suka fahimci juna.

Joanasi ya ce abincinsu wata dabbar teku ce da ake kira sil, mai kan kare da jikin kifi. Ɗanasabe nan take ya raɗa mata karen ruwa. Tana zaune ƙarƙashin ƙanƙara, tana da 'yar ƙofar rami da take leƙowa ta shaƙi iska. Mafarauci sai ya tsaya a kan ƙofar, ya sunkuya, tun safe har rana ta karkata, ba ya ɗaga ƙafa ba ya tari, domin tana jin takun mutum daga ƙasa. Ɗanasabe ya yi dariya har da buga sitiyari. Ya ce wannan ai gadi ne, ina farauta babu ganga babu kirari? Amma da tsohon ya ce in an kawo nama gari ba a faɗa a kansa, matar da mijinta ya mutu ita ake fara yankar wa, sai dariyar ta tsaya.

A hankali ya ji abin da ya kawo Joanasi birnin. A da suna cin naman, su sayar da fatar, su sayi mai da harsashi da kuɗin. Sai aka tashi da zanga-zangar hana kashe karen ruwa a ƙasashen Turai, kasuwar fata ta rushe. Gwamnati ta riga ta tattara su a gari ɗaya nesa da wuraren farauta, karnukan da ke jan su a kan ƙanƙara sun ƙare, yanzu sai da babur ɗin ƙanƙara ake isa bakin ruwa. Babu mai, babu nama. Samari na zaune a gida suna kallon bango. Ɗan ƙanwarsa, mafarauci mai kyau, ya sa bakin bindigarsa a bakinsa wata rana da hantsi, Joanasi ne ya wanke ɗakin. Yanzu akwai wata gidauniya ta masu kuɗi a Manhattan da ta kusa yarda ta kafa musu asusu. Za a riƙa sayen mai da harsashi da kayan gyaran babur ana ba mafarauta, su kuma duk abin da suka kamo na gari ne gaba ɗaya. An gama rubuce-rubuce, saura shugabannin gidauniyar su gan shi ido da ido ranar Juma'a. In suka ce a'a, ba shi da wata ƙofar da zai buga.

Tun daga nan Ɗanasabe ya daina kiransa da suna, sai Sarkin Dawa. Ya daina kunna rediyo in yana cikin motar. Ya kai shi gida Park Hill, Shafa'atu ta yi tuwo da miyar kuka, tsohon ya ci da hannu ya ƙara.

A nan ne ya cire babbar rigarsa ta sanyi, suka ga abin da ke ciki. 'Yar shara ce ta fatar karen ruwa, ruwan toka mai ɗigo-ɗigo, tana sheƙi. Shafa'atu ta miƙa hannu za ta shafa, Ɗanasabe ya buge hannun. Ya tambayi tsohon ina layun suke. Joanasi bai gane ba. Ya ce dai fatar dabbar farko ce da ɗansa ya kashe, matarsa ce ta ɗinka, da haƙoranta ta tausasa bakin fatar kafin allura ta shiga. Ɗanasabe ya gyaɗa kai. A ganinsa ya samu amsa, har ta fi wadda ya nema. Rigar farauta ce, kuma ta sarki. Bai sake tambaya ba, shi ma tsohon bai san an yanke wani hukunci a kan rigarsa ba.

Ranar Alhamis Hajiya Safiatou ta kira shi a waya.

“Ɗanasabe, ka saurare ni da kyau. Masu zanga-zangar fata sun ji labarin rendez-vous ɗin gobe, ganawar da za a yi da tsohon. Za su taru bakin building ɗin gidauniyar.”

“To, Hajiya, sai in bi da shi ta baya.”

“Ya ƙi. Ya ce ta gaba za shi shiga. Kai dai aikinka tuƙi. Komi ka gani, kada ka hito daga mota. Na san halinka, shi ya sa nike ce maka.”

“Haba Hajiya, ni yaro ne?”

“Da yaro ne da ban damu ba,” ta ce, ta ajiye wayar.

Da hantsin Juma'a suka iso. Mutane sun cika bakin ginin, yawancinsu matasa, ɗauke da hotunan jariran karen ruwa farare tas masu manyan idanu. Akwai masu kyamara a gefe. Joanasi ya duba su ta gilashi, sannan ya cire babbar rigarsa ya ninke ya ajiye a kujera. Ɗanasabe ya ce ya mayar, ana sanyi. Tsohon ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Zauna a nan.” Ya fita daga shi sai 'yar sharar.

Ihu ya tashi. Suna ce masa mai kisan kai, mai kashe jarirai. Ya taka a hankali har tsakiyarsu, sai ya tsaya, hannuwansa a gefe. Wani dogon saurayi mai jan gashi ya fito da bokiti ya sheƙa masa jan fenti tun daga wuya har gwiwa. Joanasi bai ko goge fuskarsa ba.

Da Ɗanasabe ya kalli ƙofar ginin a wannan lokacin, da ya ga abin da kowa ya gani. Shugabannin gidauniyar suna tsaye a bayan gilashi. Shugabarsu, wata farar tsohuwa, ta rufe bakinta da hannu don kunya, ta riga ta tura ƙofa za ta fito ta kama hannun baƙonta. Ihun ma ya fara raguwa, domin ba daɗi a yi ta zagin tsohon da ya tsaya shiru fenti na ɗiga daga haɓarsa. Amma Ɗanasabe ba ƙofa yake kallo ba. Riga yake kallo. Ya san fenti ne, mafarauci ba ya kasa gane jini. Yana ta maimaita maganar Hajiya a ransa, kuma Allah ya sani ya yi ƙoƙari. Sai saurayin ya matso ya tofa yawu a ƙirjin rigar.

Mai riga bai ɗaga yatsa ba, kamar yadda ya kamata. Ɗanasabe ya duba titin kaf, babu wani mafarauci sai shi.

Bai san lokacin da ya fito ba. Mutane dai sun ji wata murya na kirari da harshen da ba su taɓa ji ba, yana kiran sunan ubansa da na kakansa, sai ga baƙin mutum mai rabin kunne da ƙarfe a hannu. Bugun farko ya samu saurayin a damtse, hannun ya lanƙwashe ta inda ba gaɓa. Ya faɗi yana kururuwa. Ɗanasabe ya take masa ƙirji ya nemi ɗaya hannun, domin biyu ake karyawa. Saurayin ya juya, ƙarfen ya sauka a muƙamuƙinsa, haƙora suka zubo a kan siminti cikin fentin. Wata yarinya ta rungumo shi ta baya, ya watsar da ita, kanta ya bugu da gefen titi, ta kwanta ba ta motsi. Wani kuma ya riƙe masa wuyan hannu da ƙarfin gaske. Ya fizge ya yi jifa da mai riƙon, sai da mutumin ya kai ƙasa ya ga Joanasi ne.

'Yan sanda suka rufe shi da kulake. Sun karya masa haƙarƙari uku kafin ya saki ƙarfen. Kyamarori na ɗauka tun daga farko har ƙarshe, kuma ƙofar gilashin ta riga ta koma ta rufe.

A gadon asibiti, da ankwa a hannu, Hajiya Safiatou ta kawo masa tsohon. Ita ko kallonsa ba ta yi ba, ta tsaya a bakin taga. Joanasi ya zo da babbar rigarsa, da filasta a goshi. Ɗanasabe ya yunƙura zai tashi. Abin takaicin shi ne har a lokacin yana jiran godiya.

“Sarkin Dawa, na rama maka,” ya ce.

Tsohon ya zauna. Ya ce yarinyar ta farfaɗo, saurayin kuma ana ɗaure masa baki da waya. Ya ce mutanen gidauniyar sun shigar da shi, sun ba shi tawul da shayi, sun yi masa magana mai daɗi. Amma da gari ya waye sun ce ba za su iya sa sunansu kusa da hoton da ke cikin jaridu ba, inda aka rubuta cewa mai gadin masu kashe sil ya ragargaza ɗalibi.

“Me ya fito da kai?” ya tambaya, ba da faɗa ba.

“Rigarka. Ya tofa mata yawu.”

Joanasi ya dube shi. “Riga ce,” ya ce. “Don ɗumi ake sa ta.”

Ɗanasabe ya buɗe baki zai yi masa bayanin layu da kututture da ubansa, amma Turancinsa bai kai ba, kuma ya fara gane cewa ko ya kai ba zai yi amfani ba.

“Na san za su zuba mini,” tsohon ya ce. “Don su zuba na fito da ita. Shekara biyu ina tsaye a kan wannan ramin. Jiya dabbar ta leƙo da hancinta, ina ganinta. Sai ka taka ƙanƙarar.”

Ya tashi, ya kama hannun Ɗanasabe mai ankwa da yatsunsa uku ya girgiza, ya ce tuwon matarsa ya yi daɗi. Ba su sake ganin juna ba.

An ɗaure Ɗanasabe fiye da shekara. Shafa'atu ta riƙe gidan da kitso, ba ta taɓa ce masa ai na faɗa maka ba, kuma wannan ya fi masa ciwo. Da ya fito an karɓe takardar tuƙinsa ta haya, takardun zama ma da ƙyar lauya ya tsirar da su. Ya samu aikin zuba mai a wani gidan mai da ke ƙetaren gada. Ya rame, ya rage magana. Masu motoci na zaginsa yana cewa na gode. A ransa yana lallashin kansa cewa masu kuɗi ba su ƙare a duniya ba, tsoho mai haƙuri irin wannan ai ya samu wata gidauniyar tuni.

Wata ranar Asabar a 1995 wata mota ta tsaya a gabansa, ya sa bututu a tanki kafin ya duba mai ita. Hajiya Safiatou ce. Tun asibiti ba ta sake yi masa magana ba. Suka gaisa a daƙile, ta tambayi Shafa'atu. Ya danna mai, sannan ya yi ƙarfin hali.

“Hajiya, kina jin labarin Sarkin Dawa? An dai ba su daga baya ko?”

Ta kashe rediyon motar.

“Ba a ba su ba. Ba wanda ya ƙara karɓar dossier ɗin, takardun nan na asusun.” Ta juyo ta dube shi. “Na zaci an gaya maka. Ya rasu tun kana ciki.”

“Ciwo ya yi?”

“A'a. Gari ya yi wata biyu ba nama. Suka bi gida gida suka tattara ɗan man da ya rage, aka zuba mishi a babur, tun da shi ya hi kowa sanin hanya. Ya san ba shi isa zuwa da dawowa, ya tahi haka nan. Ya kashe karen ruwa guda biyu. A hanyar komowa man ya ƙare. Ya ɗaura igiya a ƙugu ya ci gaba da jan naman da ƙahwa, iska ta taso.” Ta kalli gabanta. “Daga inda suka same shi ana hangen rufin gidajen garin. Naman na nan bai taɓa ba. An raba ma kowa.”

Tankin ya cika, bututun ya katse da kansa, Ɗanasabe ya sake dannawa bai sani ba. Man ya tumbatso ya bi jikin motar, ya jiƙa masa wando da takalmi, ya malala a kan siminti yana neman magudana. Mai gidan man ya fito daga ofis yana ɗaga hannu yana zagi. Hajiya ta buɗe ƙofa ta sauko, ta kama yatsun Ɗanasabe tana ɓamɓare su daga bututun ɗaya bayan ɗaya.

“Saki, ƙanena,” ta ce. “Ya isa. Saki.”

Yana kallon man da ke bin ƙasa. Ya tambaye ta, a hankali, ko wannan da ya zube zai kai mutum gida daga inda ake hangen rufi.